Yadda za ka kare manhajarka ko wasanka daga satar fasaha ba tare da ka kori mai saye ba

Duk wanda ya rubuta manhaja ko ya haɗa wasan kwamfuta ya kai kasuwa, in dai abin ya karɓu, wata rana zai buga sunansa a Google ya tarar ana raba shi kyauta a wani shafi. Ranar akwai ɓacin rai, kuma a irin wannan ɓacin ran ne mutane suke yanke shawarar da ke cutar da su fiye da satar kanta: su ɗora wa manhajar kulle mai nauyi, ɓarawo ya cire shi cikin mako guda, wanda ya biya kuɗinsa kuma ya zauna yana fama da shi har abada.

Kafin mu shiga matakai, akwai abin da ya kamata ka yarda da shi tun yanzu. Duk abin da ke aiki a kan na'urar wani, ana iya fasa shi. Dalilin ba shi da wuyar ganewa: dole ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta karanta umarnin da ka rubuta kafin ta aiwatar, kuma abin da furosesa za ta iya karantawa, mai kwamfutar ma zai iya tsayar da shi ya duba, ya canza. Denuvo, kariyar da manyan kamfanonin wasanni suke biyan kuɗi masu yawa a kanta tun 2014, ta sha riƙe wasanni watanni ba a fasa ba, amma a 2017 an fasa Resident Evil 7 cikin kwana biyar da fitowarsa. Saboda haka ba wai za ka hana sata gaba ɗaya ba ne. Abin da kake nema uku ne: ka ja lokaci, ka sa rabawa ta yi wa mutum na gama-gari wuya, ka sa saye ya fi sata sauƙi. Kowane kulle da zan ambata a ƙasa, ka auna shi da tambaya ɗaya: me zai jawo wa wanda ya biya?

Mataki na 1: Ka san wa kake tsarewa

Masu cin haƙƙinka ba iri ɗaya ba ne, maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ya saya ya tura wa abokinsa fayil ɗin, shi ko a ransa bai ɗauka sata ya yi ba. Akwai kamfanin da ya sayi lasisi ɗaya ya girka a kwamfuta talatin. Akwai ƙungiyoyin masu fasawa, waɗanda yawancinsu gasa suke yi tsakaninsu, kowa na son a ce shi ya riga fasawa. Akwai wanda zai ɗauki manhajarka ta waya ya cusa mata tallace-tallacensa ko ƙwayar cuta, ya sake ɗora ta da sunanka. Sai kuma masu sayen lambobin lasisi da katin bankin sata su sayar da araha.

Na farko kulle mai sauƙi ya ishe shi. Na biyu wasiƙa da lissafi ne maganinsa, kuma shi ne ya fi kowa yiwuwar ya koma mai biya. Na uku ba za ka ci nasara a kansa ba, jinkirta shi kawai za ka yi. Na huɗu da na biyar su ne suka fi haɗari ga ƙaramin mai sana'a, domin ɗaya yana ɓata maka suna, ɗaya yana cire kuɗi daga aljihunka kai tsaye.

Ka kuma duba yadda kuɗinka ke shigowa. Wasan da ake bugawa mutum ɗaya yakan sami babban rabon cinikinsa a makonnin farko, don haka kariyar da ta riƙe wata ɗaya ko biyu ta yi aikinta. Manhajar ofis ko ta zane kuwa shekaru ake yi ana amfani da ita, a nan tsarin lasisi da sabuntawa ne suka fi muhimmanci.

Mataki na 2: Gyara takardunka

Wannan ba ya ɗaukar lokaci, amma in babu shi sauran duk ba su da madogara. Yarjejeniyar Berne ta 1886 ta tanadi cewa haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar an ƙirƙiri aiki, ba sai an yi rajista ba, sannan yarjejeniyar TRIPS ta 1994 ta fayyace cewa manhajar kwamfuta tana samun kariya irin ta rubutaccen adabi. Duk da haka rajista tana da amfani a inda ake yinta. A Amurka, alal misali, yin ta a kan lokaci ne ke ba ka damar neman diyyar da doka ta yanke ba tare da ka tsaya lissafa asararka ba.

Abin da ya fi yawan kayar da mutane ba ɓarawon waje ba ne. Wanda ya zana maka hotuna, ko ya yi maka kiɗa, ko ya rubuta wani ɓangare na kod, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, a matsayin ɗan kwangila, in ba ku rubuta cewa ya miƙa maka haƙƙin ba, a ƙasashe da yawa haƙƙin na nan a hannunsa. Ku rubuta, ku sa hannu. Ka kuma duba lasisin duk wani kod na kyauta da ka yi amfani da shi, domin lasisi irin su GPL suna wajabta maka sakin naka kod ɗin idan ka haɗa su ka rarraba. Daga nan ka rubuta yarjejeniyar mai amfani da harshen da mutum zai gane: na'ura nawa aka yarda, ko ana iya mayar da lasisi ga wani, wane bayani manhajar ke aikowa sabar, wato kwamfutarka ta intanet da manhajar ke tuntuɓa.

Mataki na 3: Toshe ɓarakar cikin gida

A 2003 wani ya kutsa cikin kwamfutocin kamfanin wasanni na Valve ya kwashe tushen kod na Half-Life 2 tun wasan bai fito ba. A 2020 kuwa Doom Eternal ya fito da kariyar Denuvo, sai aka tarar an manta da wani fayil na wasan marar kariya a cikin abin da aka raba wa masu saye. Ba wanda ya fasa komai, a buɗe aka bar ƙofar.

Don haka ka sa tantancewa mai hawa biyu a ma'ajiyar kod ɗinka da asusunka na kantunan manhaja. Wanda ya bar aiki a cire shi ranar da ya tafi. Duk kwafin da za ka ba 'yan jarida ko masu gwaji kafin fitowa, ka saka masa alama ta ɓoye da ta bambanta da ta kowa, ka kuma gaya musu akwai ta, domin sanin hakan kaɗai yana hana da yawa. Ranar fitarwa, wani mutum dabam, ba wanda ya haɗa ba, ya buɗe kunshin ya duba fayil bayan fayil: babu sigar gwaji, babu bayanan gano kuskure, babu kalmar sirri da aka bari a rubuce.

Mataki na 4: Gina lambar lasisin da ba a iya ƙirƙira

Nan ne nake son ka fi natsuwa, domin nan ne ƙaramin ƙoƙari ke haifar da babbar riba.

Tsohuwar hanya ita ce a ƙirƙiro wani lissafi: a haɗa haruffan lambar, a ninka, a raba, in sakamakon ya fito daidai manhaja ta buɗe. Matsalar ita ce lissafin yana cikin manhajar da ka miƙa wa kowa. Mai fasawa zai karanta shi, ya juya shi, ya rubuta ɗan ƙaramin shiri da ke fitar da lambobi iya son ransa. Wannan ya fi fasa fayil muni, domin lambar bogin tana aiki a kan manhajarka ta asali, har da sabuntawar da za ka fitar gobe. Haka nan idan ka ɓoye kalmar sirri guda a cikin manhajar kana tantancewa da ita, ka ba kura ajiyar nama.

Hanyar da ta dace ita ce sa hannu na dijital mai mabuɗi biyu. Ɗaya mabuɗin ɓoye ne, da shi ake sa hannu. Ɗaya na fili ne, aikinsa kawai tabbatar da cewa sa hannun na gaske ne, ba ya iya yin sabo. Ga yadda za ka bi:

Ka samar da mabuɗan biyu da tsarin da aka sani, kamar Ed25519, ta amfani da kod da masana suka riga suka gwada, irin libsodium. Mabuɗin ɓoye ya zauna a sabar ɗinka kaɗai, da kwafi guda a wurin da ba ya haɗe da intanet. Kada ya shiga ma'ajiyar kod ko da sau ɗaya. Mabuɗin fili shi ne za ka saka cikin manhajar.

Idan mutum ya saya, sabar ta rubuta ɗan bayani: sunan mai saye, lambar cinikin, wace siga ya saya, na'ura nawa, da ranar ƙarewa in akwai. Ta sa hannu a kan bayanin da mabuɗin ɓoye, ta aika masa bayanin da sa hannun tare, a matsayin fayil ko dogon rubutu da zai kwafa ya liƙa. Manhajar ta karanta, ta tabbatar da mabuɗin fili. Ko harafi ɗaya aka canza a bayanin, sa hannun ya lalace. Ko mai fasawa ya karance manhajarka tas, ba zai sami abin da zai ƙirƙiri lasisi da shi ba, saboda abin ba ya ciki.

Kada ka ƙirƙiri naka tsarin ɓoye bayanai, kada kuma ka yi wa na mutane kwaskwarima. A 2010 aka gano cewa Sony, wajen sa hannu a kan manhajojin PlayStation 3, tana maimaita lamba ɗaya a inda tsarin sa hannu na ECDSA ke buƙatar sabuwar lamba da ba a iya hasashenta a kowane sa hannu. Wannan kuskure guda ya isa aka lissafo mabuɗinta na ɓoye. Ɗaya daga cikin dalilan da nake fifita Ed25519 ke nan, an gina shi ta yadda wannan kuskuren ba ya tasowa.

Sai wani ƙaramin abu mai tasiri: ka nuna sunan mai lasisin a fuskar manhajar. Mutum yakan yi nauyin raba abin da sunansa ke manne a jiki.

Wannan tsari bai hana a fasa fayil ɗin kansa ba. Mai fasawa na iya tsallake wurin tantancewar, ko ya musanya mabuɗin filinka da nasa. Amma ka tilasta masa raba gurɓataccen fayil wanda sai an sake fasawa duk lokacin da ka sabunta, kuma wanda mai saukewa ba shi da tabbacin abin da aka cusa a ciki.

Mataki na 5: Kunna lasisi ta intanet, amma da sassauci

Lasisi mai sa hannu ba a ƙirƙirarsa, amma ana iya kwafarsa a ba mutum dubu. Maganin wannan shi ne kunnawa: a karon farko manhajar ta tuntuɓi sabar, ta faɗi lasisinta da alamar na'urar da take kai, sabar ta ƙirga ta mayar da izini mai sa hannu. Microsoft ta yaɗa wannan salo da Windows XP a 2001.

Alamar na'urar ka haɗa ta daga abubuwa da yawa, kamar lambar babban allon cikin kwamfuta (motherboard), ta faifan ajiya da ta tsarin aiki, ka niƙa kowanne ya koma lambar da ba a iya mayarwa kafin ka aika. Ka yarda da rinjaye: in abu uku cikin biyar sun yi daidai, na'urar ce. Mutane suna canza faifai, suna ƙara ma'adanar RAM, suna sake girka Windows, kuma ba laifi suka yi ba.

Ka ba da na'ura fiye da ɗaya ga kowane lasisi, ka kuma ba mai saye shafi inda zai cire tsohuwar na'ura da kansa ba sai ya roƙe ka ba. Wasan Spore ya fito a 2008 da kullen SecuROM da iyakar girkawa sau uku. Masu saye suka fusata, aka kai ƙara kotu, kamfanin da ya fitar da shi ya sassauta, kuma wasan ya kasance cikin waɗanda aka fi sacewa a shekarar. A 2010 Ubisoft ta sa Assassin's Creed II na kwamfuta ya buƙaci intanet a kowane lokaci, ko da mutum shi kaɗai yake wasansa. Da sabar ta sami matsala, waɗanda suka biya ne suka kasa wasa. Kamfanin ya bar tsarin daga baya. SimCity ya maimaita irin wannan a 2013.

Darasin a aikace shi ne: in manhajar ta kasa samun sabar, ta ci gaba da aiki. Rashin amsa ba hujjar sata ba ce. Ka bar wa'adi mai tsawo, makonni ba sa'o'i ba, kafin ta sake neman tabbaci, kuma ta yi gargaɗi tun kafin wa'adin ya cika. Ta rufe ne kawai idan sabar ta amsa a fili, da sa hannu, cewa an soke lasisin. Ga kwamfutocin da ba sa hawa intanet sam, kamar na masana'antu da ɗakunan bincike, ka tanadi hanyar fayil: manhajar ta fitar da buƙata, a ɗauka a kai wata na'ura mai intanet, a dawo da amsa. Idan kana da sigar gwaji mai wa'adi, ka riƙa adana ranar ƙarshe da manhajar ta gani, don wanda zai mayar da agogo baya. Ko a manhajar aiki lasisi ya ƙare, kada ka taɓa kulle wa mutum fayilolinsa. Ya iya buɗewa ya fitar da aikinsa.

Mataki na 6: Abin da ya fi daraja, ka bar shi a wurinka

Kariyar da ba a fasawa ita ce ta abin da bai taɓa sauka a na'urar mutum ba. Wasa tsakanin mutane ta intanet, ajiyar ci gaba a sabar, jerin gwanaye, haɗa aiki tsakanin waya da kwamfuta, lissafi mai nauyi da sabar ke yi: duk waɗannan sai da asusu, asusu kuma kai ke riƙe da shi. Wanda ya sauke na sata zai sami rabin abu.

A waya wannan ya fi zama dole. Duk sayayyar cikin manhaja, sabar ɗinka ce za ta tambayi Google ko Apple ko rasit ɗin na gaske ne, ba wayar ba. Adadin kuɗin wasa ko lu'ulu'un da ɗan wasa ke da su, a sabar za a ajiye. Play Integrity a Android da App Attest a iPhone suna taimaka wa sabar ta gane ko manhajarka ta asali ce ke magana da ita ko wadda aka taɓa.

Sharaɗi ɗaya: abin da ka kai sabar ya kasance mai saye yana amfana da zamansa a can. In ka ɗauki wasan mutum ɗaya ka ɗaura shi da intanet don tsaro kawai, 'yan wasa za su gane, kuma ba sa yafewa.

Mataki na 7: Wahalar da mai fasawa

Ka fara da sanin yadda manhajarka take a idonsa. Abin da aka rubuta da C# ko Java yana komawa kusan yadda ka rubuta shi idan aka buɗe da manhajojin warware kod, irin ILSpy ko dnSpy na C#, har da sunayen da ka raɗa wa ayyuka. Na C++ ya fi wuya, amma manhajar warware kod ta Ghidra, wadda hukumar NSA ta Amurka ta saki kyauta a 2019, tana hannun kowa. Ka sauke su ka buɗe naka. In ka ga aiki mai suna da ke nuna tantance lasisi yana mayar da e ko a'a, to ka ga abin da mai fasawa zai gani a minti biyar na farko.

Gyaran farko ba su da tsada. A injin haɗa wasanni na Unity, ka zaɓi tsarin haɗawa na IL2CPP maimakon Mono. A Android ka kunna R8 ya dagula sunaye. Ka cire bayanan gano kuskure daga sigar kasuwa. Idan ka ɓoye fayilolin wasa da tsarin ɓoye bayanai na AES, kamar yadda injin haɗa wasanni na Unreal ke ba da dama, ka sani mabuɗin na cikin wasan kuma za a same shi. Yana hana mai leƙe ne kawai.

Sannan tsarin binciken kansa. Kada ya zama wuri ɗaya. Ka warwatsa shi wurare da yawa, kowanne da rubutunsa dabam, wasu a farkon buɗewa, wasu sai an yi nisa. Kada saƙon da ke cewa lasisi ba daidai ba ne ya zauna kusa da binciken, domin ta saƙon ake bin sawu. Mafi kyau, ka sa wani abu da manhajar ke buƙata da gaske ya dogara da bayanin lasisin, ta yadda in an tsallake binciken wani abu zai ɓace can gaba. Kada kuma hukunci ya biyo bayan ganowa nan take. Masu haɗa Spyro: Year of the Dragon a 2000 sun yi haka: wasan da aka fasa yakan fara kamar lafiya, sai can abubuwa su riƙa ɓacewa. Masu fasawa suka riƙa sakin aikin da suke zaton ya kammala alhali bai kammala ba, aka ɗauki kusan wata biyu kafin a gama da shi, lokacin da cinikin farko ya riga ya wuce.

Wasu sun mayar da abin wasa. A Batman: Arkham Asylum na sata, alkyabbar jarumin ba ta buɗewa ya yi shawagi. A Serious Sam 3 wata kunama da ba ta mutuwa ce ke bin ɗan wasa. Greenheart Games kuwa a 2013 da kansu suka ɗora Game Dev Tycoon a shafin sata, sigar da kamfanin ɗan wasa ke karyewa saboda ana sace masa wasanni. A ranar farko fiye da kashi 90 cikin 100 na masu wasan sigar satar suke bugawa.

Ina son waɗannan dabaru, amma da gargaɗi mai ƙarfi. Titan Quest a 2006 yana da bincike da ke rufe wasan da aka fasa ba tare da bayani ba. Waɗanda suka sauke na sata suka bazama suna cewa wasan cike yake da matsala, maganar ta kai kunnen masu niyyar saye. In za ka hukunta, ya zama a ƙarshe an gane hukunci ne. Kuma kada ka taɓa goge fayil ko lalata wani abu a na'urar mutum. Laifi ne a dokokin ƙasashe da yawa, sannan wata rana bincikenka zai yi kuskure ya faɗa kan wanda ya biya.

Game da kariyar da ake saya, irin VMProtect, Themida da Denuvo: suna juya sassan kod su koma wani harshe na musamman mai wuyar bi. Suna aiki, amma suna da farashi bayan na kuɗi. Kod ɗin da aka naɗe yana rage gudu, don haka kada ka naɗe abin da ke gudana a kowane motsin hoto, ka tsaya kan wuraren lasisi. Manhajojin kashe ƙwayoyin cuta sukan zargi fayil ɗin da aka naɗe, tunda masu ƙwayoyin cuta ma da irin kayan suke ɓuya. Kuma sabuwar na'ura na iya rikita su: da Intel ta fitar da furosesoshin Alder Lake a 2021, wasanni da dama sun ƙi tashi saboda kariyarsu ta ɗauki furosesa ɗaya a matsayin kwamfuta biyu. Kullen da Steam, kantin wasanni na Valve, ke bayarwa kyauta kuwa, Valve da kanta ta rubuta cewa ba maganin satar fasaha ba ne, kwafi na kai-tsaye kawai yake hanawa. Makullin USB irin iLok ko CodeMeter ya dace da manhaja mai tsada ta ƙwararru, bai dace da wasa ba.

Layi ɗaya da ba zan ba ka shawarar tsallakawa ba: kada ka girka wani abu a ɓoye a zuciyar tsarin kwamfutar mutum. Sony BMG ta yi haka a faifan kiɗa a 2005, abin ya buɗe ƙofa ga masu kutse, ya ƙare da ƙararraki da janye faifan daga kasuwa. Kullen SafeDisc ma wani ɗan shiri yake girkawa a zuciyar tsarin, kuma da Windows 10 ta fito a 2015 ta daina karɓarsa saboda tsaro, sai wasannin da mutane suka saya da kuɗinsu suka daina tashi.

Mataki na 8: Sa saye ya fi sauƙi

Gabe Newell na Valve ya faɗa a 2011 cewa satar fasaha galibi matsalar hidima ce, ba ta farashi ba. Ban yarda farashi ba ya ciki ba, amma maganarsa tana da ƙarfi. Kantin wasanni na GOG tun 2008 yake sayar da wasanni babu kulle ko ɗaya, The Witcher 3 ya fito a can a 2015 haka nan, kuma ya sayu miliyoyi.

Ka bi hanyar sayen manhajarka da kanka kamar baƙo, ka ƙirga matakan. In sun fi na saukewa daga shafin sata yawa, ka rage. Ka sa farashi gwargwadon ƙarfin kowace ƙasa, Steam da kantunan waya duk suna ba da damar haka. Ka karɓi hanyoyin biya fiye da ɗaya, domin akwai mutane da yawa da ke da kuɗin amma katinsu ba ya wucewa. Ka fitar a ko'ina rana ɗaya. Ka ba da sigar ɗanɗano, tunda wasu suna sauke na sata ne don su ga ko zai tashi a kwamfutarsu. Ka riƙa sabuntawa a kai a kai, wannan kaɗai yana mayar da kwafin sata tsohon yayi. In manhajar ta gane ba a biya ta ba, saƙo mai ladabi da maɓallin saye ya fi zagi kawo kuɗi.

Kada kuma ka ɗauki kowane kwafin sata a matsayin cinikin da ka rasa. Da yawansu ba za su taɓa saye ba ko da ka kulle da ƙarfe. Lissafin da ya dame ka shi ne na waɗanda za su saya in an sauƙaƙa musu.

Mataki na 9: Sa ido, ka nemi a sauke

Ka ware lokaci kaɗan a mako, kada ya cinye maka aiki. Dokar DMCA ta Amurka ta 1998 ta kafa tsarin sanarwa da saukewa, kuma Google da yawancin manyan masu ajiye fayiloli suna bin sa. Sanarwar tana buƙatar bayanin aikinka, ainihin adireshin shafin da ke ɗauke da na satar, hanyar tuntuɓarka, furucin cewa ka yi imani ba da izini aka ɗora ba, furucin cewa bayaninka gaskiya ne kuma kai ne mai haƙƙi ko wakilinsa, da sa hannu. Ka fi mayar da hankali kan shafin farko na sakamakon bincike da kantunan manhaja, inda mai niyyar saye zai iya faɗawa hannun na bogi. Sa hannu na dijital a kan fayil ɗin girkawa, na Windows ko na Apple, yana taimaka wa mutane su bambance naka da gurɓatacce.

A sabar, ka lura da lasisin da aka kunna a ƙasashe goma cikin kwana ɗaya, ka soke shi, ka ba mai shi na asali sabo. Lambobin da aka saya da katin sata, banki zai janye kuɗin ya kuma ci ka tara, saboda haka ka ɗaure kowace lamba da cinikinta don ka iya soke ta, ka kuma yi hattara da saƙonnin masu cewa su 'yan jarida ne a ba su lambobi kyauta. Kamfanin da ya wuce adadin lasisinsa, ka rubuta masa cikin mutunci da tayin cike giɓin. Ɗaiɗaikun mutane kuwa, kai su kotu ba ya mayar da kuɗin lauya. Duk bayanin da kake tarawa don wannan aiki ka faɗe shi a fili, dokoki irin GDPR ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018, suna hukunta tarawa a ɓoye.

Mataki na 10: Shirya ranar cire kullen

Tun ranar da ka saka kulle ka rubuta yadda za a cire shi. Kamfanoni da dama suna cire Denuvo bayan watanni ko shekara, idan cinikin farko ya wuce, kuma da zarar an fasa sigar da ke kasuwa, kullen masu biya kaɗai yake takurawa. Sabar ma ba ta dawwama. Da Ubisoft ta rufe sabar The Crew a 2024, wasan ya daina aiki ga duk wanda ya saya, abin da ya tayar da gangamin Stop Killing Games.

Ka haɗa sigar da ba ta buƙatar sabar tun yanzu, ka gwada ta a kwamfutar da aka cire wa intanet, ka ajiye ta tare da mabuɗin ɓoye, ka sabunta ta duk lokacin da ka fitar da babbar siga. Ka rubuta a yarjejeniyar mai amfani cewa za ka sake ta idan ka daina hidimar, sannan ka tabbatar akwai mutum na biyu da ya san inda take da yadda zai fitar da ita in ba ka nan.